Tambaya: ta ina baƙo zai fara tono tarihin garin da zama ya kai shi a ƙasar waje?

Baƙon_Gari:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san kan abin. Mutum ne karatu ko aiki ya kai shi wata ƙasa, zai yi shekara biyu ko uku a wani gari matsakaici da ba a kawo shi a littattafan 'yan yawon buɗe ido. Yana son ya san tarihin wurin da na yankin sosai, ba ɗaukar hoto a gaban tsohon gini kawai ba. Ta ina zai fara? Wace takarda zai nema, a wane ofis? Ga shi harshen garin bai gama zama a bakinsa ba. Sannan me zai kiyaye don kar son sani ya jefa shi hannun hukuma?

Mai_Taswira:

Wa alaikumus salam. Malam, kuskuren farko da baƙo kan yi shi ne ya fara da tarihin ƙasar ɗungurungum. Ya sayi littafi mai shafi ɗari shida cike da sarakuna da yaƙe-yaƙe, ya kai babi na uku ya gaji, kuma har yanzu bai san dalilin da ya sa titin bayan gidansa ya yi gwiwa ba. Juya abin za ka yi. Ka ɗauki ƙofar gidan da kake ciki a matsayin cibiya, ka ware abin da ke kewaye da ita tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa, wato kusan kilomita ɗaya ta kowane ɓangare. Wata ukun farko kar ka fita daga wannan da'irar.

Abin da kake buƙata taswira uku ne na wuri ɗaya: ta yau, ta wajen shekara ɗari da suka wuce, da mafi tsufa da za ka iya samu. Ka lura da ma'auni. Mai 1:2,500 ita ke nuna gida-gida, rijiya, masana'anta da iyakar gona. Mai 1:50,000 hanyoyi da tsaunuka kawai za ta nuna maka, ba ta da amfani a wannan aikin. A Birtaniya babban ɗakin karatu na ƙasa na Sikotilan ya ɗora tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar taswira ta ƙasar, a intanet kyauta, har da na Ingila da Wales, kuma ana iya jera tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. A Faransa hukumar taswira ta IGN tana da shafin da ke yin haka da taswirar Cassini ta ƙarni na 18 da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Ƙasashen da suka kasance ƙarƙashin daular Habsburg ta Ostiriya suna da taswirorin soja tun daga shekarun 1760. A Amurka ka nemi na kamfanin Sanborn, waɗanda aka zana don masu inshorar gobara. Su har launi suke sa wa kowane gini: ruwan hoda na bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse.

Wajen haɗa tsohuwar taswira da sabuwa ake yawan ɓata. Ka nemi abu uku da ba sa motsi: hasumiyar wurin ibada, gadar dutse, da mahaɗar tsofaffin hanyoyi. Kar ka kafa da kogi, don an sha miƙar da koguna. Kogin Rhine an fara daidaita shi tun 1817, akwai ƙauyukan da a tsohuwar taswira suke bakin ruwa, yau kuwa ruwan ya yi musu nisa. Taswirar Cassini ma ka yi hattara da ita: hasumiyoyin coci an auna su da kyau, amma dazuzzuka da ƙananan hanyoyi kusan kintace ne. Kuma shekarar da aka buga taswira ba ita ce shekarar da aka yi awo ba. Duba gefen takardar, a ƙasa, da ƙananan haruffa ake rubuta shekarar awo da ta gyara.

Idan ka jera su, gari da kansa zai fara ba ka labari. Faffaɗan titin da ya zagaye tsakiyar gari kamar zobe, galibi gurbin ganuwa ne da aka rushe. Na Biyana, babban birnin Ostiriya, haka ya samu bayan umarnin sarki na 1857. Titin da ya buɗe ciki a tsakiya sannan ya tsuke a bakinsa biyu, tsohuwar kasuwa ce. Filaye sirara dogaye da suka jeru suna fuskantar babban titi, rabon filin tsakiyar zamani ne, lokacin da kowa ke son ƙofarsa ta kalli kasuwa. Tashar jirgin ƙasa kuwa kusan kullum a wajen tsohon gari take, saboda sai ƙarni na 19 ta zo ta tarar an cika ciki. Unguwar da ke tsakaninta da tsakiyar gari ka ɗauka sa'ar tashar ce.

Sai sunaye. Nan ne harshen da bai zauna maka ba ba zai hana ka komai ba, don kalmomi ashirin zuwa talatin sun isa. A Ingila sunan da ya ƙare da -chester ko -caster daga kalmar Latin ta sansanin soja ya fito, Rumawa sun zauna a nan. Mai ƙarewa da -by ko -thorpe, kamar Grimsby, mutanen Sikandinabiya ne suka sa shi, kuma za ka ga sun taru a gabas da arewa, inda suka yi mulki. A gabashin Jamus -itz da -ow sawun Silabawa ne, dangin mutanen Folan da Rasha. Wanda ya yi karatun Larabci kuwa ya shiga Sifaniya da jari a hannu: Guadalquivir al-wadil kabir ne, Alcalá al-ƙal'a ce, Gibraltar dutsen Ɗariƙu ne, kwamandan da ya tsallaka a 711. Doka ɗaya ce a nan: ba a fassara suna daga yadda ake rubuta shi yau, sai an nemo rubutunsa mafi tsufa. York a bakin Rumawa Eboracum ne, ya koma Eoforwic, ya koma Jórvík. Zaragoza kuwa Caesaraugusta ce da ta ratsa bakin Larabawa ta zama Saraƙusɗa. Wanda ya tsaya a kan rubutun yau sai ya ƙirƙiro ma'anar da ba ta taɓa kasancewa ba.

Uwar_Kundi:

Mai_Taswira ya shimfiɗa tabarma, bari in zauna a kai. Taswira tana haifar da tambaya, amsar kuma tana gidan adana takardun tarihi. Baƙi da yawa suna jin nauyin shiga, suna zaton na farfesoshi ne. A mafi yawan ƙasashen Turai da Amurka kowa na iya shiga, ɗan ƙasa ko baƙo.

Amma kafin can, ka fara da laburaren garin. Ka tambayi sashen tarihin gida. Yawanci kanta ɗaya ce ko ɗaki guda, akwai tsofaffin jaridun garin, kundin adireshi na shekara-shekara da ke nuna wanda ke zaune a kowane gida da sana'arsa, da akwatunan hotuna. Kundin adireshi shi ne mafi sauƙin karantawa ga mai ƙaramin harshe, suna ne da lamba da sana'a. Ka ɗauki titi ɗaya ka bi shi duk bayan shekara goma, za ka ga lokacin da maƙera da masu dawaki suka ɓace, masu gyaran keke suka bayyana. Sai dai ka kula, ana sake lambobin gidaje. Lamba 14 ta 1890 ba lallai ita ce 14 ta yau ba. Ka ƙirga daga kusurwar titi ko daga wani gini da ka tabbatar bai motsa ba.

Ranar zuwa gidan adana takardu: ka duba kundin jerin kayansu a intanet tun daga gida, ka kwafe lambar kowace takarda daidai, harafi da aya, don da lamba ake ɗauko ta ba da suna ba. Ka aika saƙo kwana biyu ko uku kafin ka je, wasu takardun a wani sito suke a wajen gari. Ka tafi da fasfo ko katin zama da wata shaidar adireshi, da su za a yi maka katin mai karatu. Jaka da riga mai kauri a akwatin ajiya za su tsaya. Fensir kawai ake shiga da shi, ba biro. Yawanci takarda uku ake ba ka a lokaci ɗaya. Ba a sa safar hannu wajen taɓa takarda, don tana rage jin yatsa har ka yage gefe. Hannu mai tsabta busasshe ake so, safar ta hotuna ce. Ka tambayi izinin ɗaukar hoto da waya, ba tare da walƙiyar kyamara ba, kuma hoton farko ya zama na takardar lambar. Wanda bai yi haka ba zai koma gida da hoto ɗari uku bai san daga wane kundi kowanne ya fito ba.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ba a jera takardu bisa maudu'i. Ana jera su ne bisa ofishin da ya haife su. Babu akwatin da aka rubuta wa "tarihin titinku". Sai ka tambayi kanka: wace hukuma ce ta damu da wannan wurin, don me? Mai karɓar haraji ya damu da mai fili, coci ta damu da haihuwa da aure da mutuwa, kotu ta damu da rigimar iyaka. A Faransa kowace jiha tana da nata gidan adanawa, kuma tsarin lambobinsu kusan ɗaya ne ko'ina: 3P rajistar filaye ce da aka fara bisa dokar 1807, 6M ƙidayar jama'a. A Ingila da Wales taswirorin zakkar coci da aka yi bayan dokar 1836 suna zuwa da kundin da ke faɗin mai fili, mai nomansa, sunan gonar da girmanta. Rajistar coci a Ingila ta fara a 1538, ta gwamnati a 1837. A Faransa rajista ta koma hannun magajin gari a 1792, a Jamus duka a 1876. Ƙidayar Ingila ta farko mai ɗauke da sunan kowa ita ce ta 1841, amma a cikinta an rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, ɗan 44 sai a rubuta 40.

Akwai ramuka, kar ka ɓata lokaci kana neman abin da wuta ta ci. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, ta 1941 ba a yi ta ba saboda yaƙi. Ta Amurka ta 1890 gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta. Gidan adana takardun Ailan ya ƙone a Dublin a 1922. Akwai kuma wa'adin sirri: ƙidayar Amurka sai ta shekara 72, ta Ingila 100. A Jamus rajistar haihuwa sai bayan shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30.

Abu uku ke sa mutum ya rantse babu takarda alhali tana nan.

Na farko iyaka. Takarda tana bin hukumar lokacinta. Ingila ta sake fasalin gundumominta a 1974, gari na iya kasancewa a wata gunduma yau, takardunsa na can hedikwatar tsohuwar. Yankin Alsace na Faransa yana hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, takardun wannan zangon da Jamusanci suke. Wrocław ta Folan kafin 1945 Breslau ce. Bratislava kafin 1919 Pressburg ce a bakin Jamusawa, Pozsony a bakin Hangariyawa. Ka rubuta duk sunayen da garinka ya taɓa amsawa a bangon littafinka, ka nema da kowanne.

Na biyu kalanda, kuma nan na fi son a dakata. Wasu ƙasashen Katolika sun sauya kalanda a 1582, aka tashi daga 4 ga Oktoba aka wayi gari 15. Ingila sai 1752, daga 2 ga Satumba zuwa 14. Rasha sai 1918, Girka 1923. Saboda haka wasiƙa biyu kan abu ɗaya na iya saɓawa da kwana goma zuwa goma sha uku ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Ƙari a kan haka, kafin 1752 shekarar Ingila a hukumance 25 ga Maris take farawa. Jaririn da rajista ta ce an yi wa baftisma 10 ga Fabrairu 1700, a lissafinmu 1701 ne. In ba ka lura da wannan ba, har ka ga kamar an binne yaro kafin a haife shi. Faransa ta yi kalandar juyin juya hali da aka daina a farkon 1806. Takardun Daular Usmaniyya suna ɗauke da shekarar Hijira ko ta Rumi, wato kalandar rana ta daular, wani lokaci duka biyun. Ta Hijira ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa: 1300 ta ba ka 1883. Ta Rumi kuwa 584 ake ƙarawa, 1300 ta zama 1884. Ka ga sun yi kusa a nan, amma tazararsu tana ƙaruwa, don haka ka duba sunan watan: idan Muharram ko Safar ne Hijira ce, idan Mart ko Nisan ne Rumi ce.

Na uku rubutu. Bajamushen yau ba ya iya karanta wasiƙar kakan kakansa, don rubutun hannu na Kurrent an daina koyar da shi a 1941. Baturke ma haka, tun da aka koma haruffan Latin a 1928. Wannan ya kamata ya kwantar maka da hankali, kai da ɗan gari kusan a layi ɗaya kuke. Ka buga jadawalin haruffan, ka fara da rajistar haihuwa, don jimla ɗaya ce ake maimaitawa, suna da kwanan wata kawai ke sauyawa. Shafi ashirin ido zai saba. Manhajar Transkribus mai karanta tsohon rubutun hannu tana taimakawa, amma sunayen mutane da na wurare ne take fi kuskurewa, su ne kuma abin da ka zo nema.

Baƙon_Gari:

Hajiya Allah ya saka da alheri, batun kalandar nan kaɗai ya isa darasi. Saura ɓangaren doka. Idan mutum yana yawo a tsohon kango ya ga tsohon kwabo ko ɓallin tukunya a ƙasa, ya halatta ya ɗauka? Na ga kuma ana sayar da na'urar gano ƙarfe a fili kamar ba komai.

Dogon_Nazari:

Ɗan'uwa, kar ka ɗauka. Ka ɗauki hotonsa a inda yake, da wani abu kusa da shi don a gane girmansa, ka riƙe lambar wurin a wayarka, ka sanar da gidan tarihi mafi kusa. Sayar da na'ura a kanti ba ya nufin an yarda ka yi tono da ita.

Dokokin sun bambanta ƙwarai. Ingila da Wales su ne masu sassauci: da izinin mai fili kana iya nema, ban da wuraren tarihi da aka killace. Amma dokar 1996 ta ce abin da ya kai shekara 300 kuma akwai aƙalla kashi goma cikin ɗari na zinariya ko azurfa a jikinsa, dole ka kai rahoto cikin kwana 14. Ko tsintar kaya a laka a bakin kogin Thames sai da lasisin hukumar tashar ruwan Landan. Tsallaka Sikotilan kawai, doka ta canza: duk tsohon abin da aka tsinta na masarauta ne, ko na ƙarfe ne ko na yumɓu. A Faransa neman kayan tarihi da na'ura sai da takardar izinin wakilin gwamnati na yankin. Turkiyya da dokarta mai lamba 2863, Masar da mai lamba 117, duka na 1983, da Girka, kayan tarihi na ƙasa ne, fita da su laifin ɗauri ne, kuma jami'in filin jirgi ba zai tsaya tantance ko dutsen yana da daraja ba. A 2022 wata kotu a Bagadaza ta yanke wa wani ɗan Birtaniya shekara 15 kan duwatsu da ɓallin tukwane goma sha biyu da ya tsinta a Eridu, wani tsohon kango a Iraƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, amma bayan ya yi watanni a tsare. Abin da ka saya a kasuwar tsofaffin kaya ma, idan ya yi kama da na da, ka karɓi rasit da takardar da ke nuna ana iya fita da shi.

Shiga fili: a Suwidin da Nowe al'ada da doka sun ba kowa damar ratsa daji, Sikotilan ma tun dokar 2003. A Ingila kan hanyar ƙafa da aka yi wa alama za ka tsaya, sai a filayen da aka buɗe wa jama'a. A Amurka fili mai shinge ko allo kar ka gwada. Tsofaffin ganuwoyi da sansanoni da yawa har yau a hannun soja suke, hoto a nan na iya zama zargin leƙen asiri, jirgi marar matuƙi kuwa ya fi muni.

Sai baki. Tarihi a wasu wurare doka ce ke gadinsa. A Jamus musanta kisan kiyashin Yahudawa ko nuna alamun 'yan Nazi laifi ne, ko da wasa. A Turkiyya dokar 5816 ta 1951 ta hana cin mutuncin Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyar ƙasar. A Tailan sashe na 112 kan ɓata sunan sarki yana kai mutum ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar. Ko inda hukuncin tara ce kawai, ɗan ƙasa zai iya biya ya koma gida, kai takardar zamanka ce a kan faifai. Haka idan za ka yi aikin sa-kai a gidan tarihi ko wurin tono, ka fara karanta sharuɗɗan bizarka, don wasu ƙasashe suna lissafa shi a matsayin aiki ko ba a biya.

Tsohon_Zaure:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni ban yarda mutum ya yi wata uku shi da taswira kaɗai ba. Kunne ya girmi kaka. Kusan kowane gari a Turai yana da ƙungiyar masu sha'awar tarihin gida, yawancinsu 'yan fansho, suna taruwa sau ɗaya a wata, kuma ƙorafinsu kullum matasa ba sa zuwa. Baƙon da ya shigo da tambaya takamaimai, shi ne ɗan lele. Kar ka ce "ku ba ni tarihin garin nan", za a miƙa maka ƙasida. Ka ce, "wannan ginin mai dogon bututun hayaƙi a bayan tasha, me ake yi a ciki?" Sai ka ga mutum uku suna gardama, a cikin gardamar ilimin yake.

Idan dattijo ya yarda ku zauna, ka nemi izininsa kafin ka kunna na'ura, ka gaya masa abin da za ka yi da muryar. Awa ɗaya ta isa, in ta yi yawa awa ɗaya da rabi. Ka je da tsohon hoto ko taswirar nan ka shimfiɗa a gabansa. Kar ka tambaye shi shekara, ba a riƙe shekara. Tambaye shi ko kafin a rufe masana'anta ne ko bayan, ko yana makaranta lokacin. Shekarar kai za ka nemo ta a jarida. Labarin ramin sirri da ya taso daga fada ya ɓulle a coci kuwa, kusan kowane gari yana da nasa, akasari magudanar ruwa ce ko ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Ka rubuta shi a matsayin abin da ake faɗa, kar ka ƙaryata mutum a falonsa. Kuma littafi biyar da suka faɗi abu ɗaya ba shaida biyar ba ne idan huɗu daga na farkon suka kwafa, wanda shi ne halin littattafan tarihin gari na ƙarni na 19.

Gini ma yana ruɗi. Tsohon garin Warso da kake gani an sake gina shi ne bayan 1945. Babbar cocin Kolon an fara ta a 1248, ba a gama ba sai 1880. Ganuwar Carcassonne ta Faransa da rufinta masu tsini gyaran mai zanen gini Viollet-le-Duc ne na ƙarni na 19. A Dresden ta Jamus ka tsaya gaban cocin Frauenkirche ka dubi bangon: duwatsu baƙaƙe jefi-jefi a cikin farare. Baƙaƙen su ne na asali da aka tsamo daga kango, fararen sababbi ne na ginin da aka kammala a 2005. Dutsen da aka sassaƙa wa shekara a saman ƙofa ana iya ciro shi daga tsohon gida a manna a sabo. A ginin bulo ka dubi jerin: idan kana ganin dogon gefe da gajeren kai suna cakuɗe, bango ne cikakke, tsohon salo, idan dogon gefe ne zalla, yawanci bango mai rami a tsaka ne na ƙarni na 20. Tagar da aka toshe a Ingila kowa zai ce maka harajin taga ne na 1696 zuwa 1851, amma wasu tun farko a toshe aka gina su don fuskar gida ta daidaita.

Ka riƙe watan Satumba. Faransa tana buɗe gine-ginen da ba a shiga a ƙarshen mako na uku, tun 1984. Jamus Lahadi ta biyu, tun 1993. Ingila ma tana da nata kwanakin a watan. Ranar ce za ka hau hasumiya ko ka shiga ɗakin ajiyar majalisar gari, kuma mai yi maka bayani galibi ɗan ƙungiyar nan ne.

Ka riƙa duban ƙasa kuma. A Jamus da maƙwabtanta akwai ƙananan faranta na tagulla, santimita goma-goma, a daɓen ƙofar gidaje, aikin Gunter Demnig, sun haura 100,000. Kowanne yana ɗauke da sunan wanda 'yan Nazi suka kwashe daga gidan, da shekarar haihuwarsa da inda ya ƙare. Sannan kar ka ɗauka tarihin wurin ba ruwansa da irinka. A Ingila, masallacin Woking da na Abdullah Quilliam, Baturen da ya musulunta, a Libaful duka na 1889 ne. A Wünsdorf kusa da Balin an gina masallaci a 1915 don fursunonin yaƙi Musulmi. A Chasselay kusa da Lyon akwai maƙabarta mai jan bango irin ginin Sahel, inda aka binne sojojin Afirka ta Yamma da Jamusawa suka kashe a Yunin 1940. Irin waɗannan sau da yawa ɗan gari bai taɓa zuwa ba.

Hattara ɗaya: akwai wuraren da sunan gari kansa ɓangaranci ne. A Ailan ta Arewa cewa Derry ko Londonderry na iya nuna inda ka karkata. Ka saurari wanda mai masaukinka ya yi amfani da shi tukuna.

Mai_Taswira:

Baba na karɓi gyara, a haɗa biyun. Amma ya je taron da taswirar a hannu, in ba haka ba ba zai san abin da zai tambaya ba. Ƙari ɗaya kan maganar Hajiya: littafin rubutunka ka raba kowane shafi biyu. Hagu abin da takarda ko mutum ya faɗa, kalma da kalma, da lambar takardar ko ranar hirar. Dama abin da kai ka fahimta. Bayan wata shida ba za ka iya tuna wanne ka karanta wanne ka zata ba, kuma idan wani ɗan ƙungiyar ya ce "a ina ka ga wannan?", hagun za ka buɗe masa.